Tsohuwar Mota Mai Naɗe Rufi: Lissafin Da Ya Kamata A Yi Kafin A Saya

A kasuwannin motocin hannu na Amurka da Turai akwai wani rukunin motoci da farashinsa kan ja hankalin dillalai da masu saye daga Nijeriya, watau ƙananan motocin tsere masu kujera biyu waɗanda ake naɗe rufinsu a bar su a buɗe. Sau da yawa akan tarar da irin wannan mota mai shekara goma a kan kuɗin da bai yi nisa da na Toyota Corolla sa'arta ba, alhali kuwa ta fi ta kyan gani nesa ba kusa ba. Abin da ya kamata ɗan kasuwa ya sani shi ne, arahar wannan mota ta dogara ne a kan yanayin ƙasashen da take, kuma ba a loda wannan yanayi a jirgin ruwa tare da ita. Saboda haka lissafinta kashi uku ne: kuɗin shigo da ita, kuɗin riƙe ta, da kuma abin da za a samu ranar da aka tashi rabuwa da ita.

Asalin motar

Misalin da ya fi dacewa a ɗauka shi ne Mazda MX-5, wadda ake kira Miata a Amurka, domin ita ce ma'aunin da ake gwada sauran da shi. A shekarun 1960 da 1970 kamfanonin Ingila irin su MG da Triumph ne suka yi suna wajen ƙera ƙananan motoci buɗaɗɗu, amma an san su da yawan lalacewa, kuma ya zuwa farkon shekarun 1980 an daina yin mafi yawansu. Kamfanin Mazda na Hiroshima a ƙasar Japan ya ga giɓin da suka bari, ya fito da MX-5 a bikin baje kolin motoci na Chicago cikin watan Fabrairu na 1989. Injinta lita 1.6 ne, nauyinta bai kai tan ɗaya ba, kuma an fara sayar da ita a Amurka a kan dala 13,800.

Motar ta samu karɓuwa ƙwarai. A shekarar 2000 ta shiga kundin Guinness a matsayin buɗaɗɗiyar motar tsere mai kujera biyu da aka fi saye a duniya, sa'an nan a watan Afrilu na 2016 kamfanin ya ƙera ta miliyan ɗaya. An yi ta zubi huɗu: na farko daga 1989 zuwa 1997, na biyu daga 1998 zuwa 2005, na uku daga 2005 zuwa 2015, na huɗu kuma ya fito a 2015. Nasarar da ta samu ta sa kamfanonin Jamus suka biyo sahu da BMW Z3 a 1995, da Mercedes SLK da Porsche Boxster a 1996, yayin da Honda ta fito da S2000 a 1999.

Dalilan da suka sa take araha a can ba ɓoyayyu ba ne. An ƙera ta da yawa, don haka masu sayarwa suna da yawa. Akasarin masu ita mota ta biyu suka ɗauke ta, suna hawa lokacin zafi su ajiye lokacin sanyi, kuma da zarar iyali ya ƙaru sai a kai ta kasuwa. Bugu da ƙari kayan gyaranta suna ko'ina, haka ma kanikawan da suka ƙware a kanta. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da mai saye zai tarar a Ikko ko Abuja ko Fatakwal.

Kuɗin shigowa

Shinge na farko shi ne dokar shekaru. A 2010 Gwamnatin Tarayya ta ɗaga iyakar shekarun motar da za a iya shigowa da ita daga 10 zuwa 15, daga bisani kuma aka mai da ita 12. Ma'anar wannan ita ce, a shekarar 2025, alal misali, motar da aka ƙera kafin 2013 ba ta da hurumin shigowa. Zubi na farko da na biyu na MX-5, waɗanda su ne mafiya araha, sun fita daga lissafi ke nan, haka ma Z3 da S2000 baki ɗaya, sai dai waɗanda suka riga suka shigo ƙasar tun da daɗewa.

Shinge na biyu shi ne ɓangaren da sitiyari yake. Tun ranar 2 ga Afrilu, 1972 Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama, kuma dokokin hanya sun hana yi wa mota mai sitiyari a dama rajista. To, kasuwanni biyu da wannan mota ta yi yawa a cikinsu, watau Ingila da Japan, duk sitiyarinsu a dama yake. Akwai masu juya sitiyari, amma Hukumar Kiyaye Haɗurra ta sha yin gargaɗi a kan wannan aiki, kuma a motar da aka ƙera domin gudu da shan kwana haɗarin ya fi girma. Abin da ya rage shi ne Amurka da Kanada da ƙasashen Turai irin su Jamus da Beljiyam.

Na uku shi ne harajin kwastan. Daga ranar 1 ga Janairu, 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa, abin da ya karkatar da cinikin 'yan Kwatano zuwa tashoshin jiragen ruwa, musamman ta Tin Can da ke Ikko. A 2022 Hukumar Kwastan ta fara ƙiyasta darajar mota ta hanyar lambar shasinta, ta kuma sa harajin kashi 20 cikin ɗari a kan motocin hannu tare da ƙarin kashi 15 na bunƙasa masana'antar motoci. A kan wannan ake ɗora harajin kayan masarufi, wanda ya koma kashi 7.5 a watan Fabrairu na 2020.

A ɗauka mutum ya sayi mota a kan dala 10,000, ya kashe dala 2,000 wajen dako da inshorar hanya. Bisa ƙa'idar 2022, kashi 35 na dala 12,000 ya kama dala 4,200, harajin kayan masarufi kuma ya kama dala 1,215. Jimla dala 17,415 ke nan, ban da kuɗin tasha da ladan ejan da sauran ƙananan kuɗaɗe. A farkon 2023, lokacin da dala take kimanin Naira 460 a farashin hukuma, wannan ya kama kusan Naira miliyan 8. Bayan an saki darajar Naira a watan Yuni na 2023, dala ta haura Naira 1,500 a watan Fabrairu na 2024, sai wannan lissafi ya wuce Naira miliyan 26. Mota ɗaya ce, farashinta a can bai motsa ba. Ƙa'idojin haraji kuwa sukan sauya daga kasafin kuɗi zuwa wani, don haka wajibi ne a nemi na ranar a rubuce daga ejan mai lasin kafin a tura ko sisi.

Cinikin biri a sama

A shekarar 1970 masanin tattalin arziki George Akerlof ya wallafa wata maƙala a kan kasuwar motocin hannu, wadda tana cikin ayyukan da suka sa aka ba shi kyautar Nobel a 2001. Bayaninsa shi ne, mai sayarwa ya san aibin motarsa amma mai saye bai sani ba, don haka mai saye ba ya yarda ya biya sai matsakaicin farashi. Wannan kan sa masu motoci nagari su janye daga kasuwa, a bar ta da tarkace. Idan haka take tsakanin mutane biyu a gari ɗaya, ina ga wanda ya sayi mota daga hoto, teku na tsakaninsu?

Kaso mai yawa na motocin Amurka da ke shigowa Nijeriya daga wuraren gwanjo irin su Copart da IAA suke fitowa, inda kamfanonin inshora ke sayar da motocin da suka yi haɗari ko ruwa ya ci. Guguwar Katrina a 2005, da Harvey a 2017, da Ian a 2022 duk sun jefa ɗimbin motocin ambaliya cikin kasuwa. Kariyar mai saye ita ce lambar shasi mai haruffa da lambobi 17, wadda za a iya bincika tarihin motar da ita a kamfanoni irin su Carfax. Dillalin da ya ƙi ba da wannan lamba ya riga ya ba da amsa.

Wannan bincike ya fi muhimmanci a mota marar rufin ƙarfe. A mota ta yau da kullum rufi yana taimakawa wajen riƙe jiki, amma a buɗaɗɗiyar mota ƙarfin duk yana ƙasa, a dogayen ƙarafan da ke ƙarƙashin ƙofofi. Idan haɗari ya lanƙwasa su, ko tsatsa ta cinye su, fenti ba ya gyara wannan. An san tsofaffin MX-5 da tsatsa a daidai gaban tayoyin baya, musamman waɗanda suka yi zama a Kanada da arewacin Amurka inda ake zuba gishiri a titi domin narkar da ƙanƙara. Ya kamata a ɗaga motar a duba ƙasanta, a buɗe ƙofofi a rufe a ga ko suna zama daidai, a ɗaga shimfiɗar ƙasa a shinshina ko akwai warin danshi. Idan kuwa a cikin gida za a saya, sai a fara tantance takardun kwastan, domin motar da aka yi fasa-ƙwaurinta ana iya kama ta a hannun mai ita na uku.

Kuɗin riƙo

Hausawa sun ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Rufin yadi ko na leda yana da iyakar kwanansa, kuma ranarmu takan gajarta shi. A zubi na farko tagar baya ta roba ce, takan dushe ta tsage, sai daga zubi na biyu aka koma gilashi. Akwai ƙananan magudanai a bayan kujeru da ke fitar da ruwan sama, waɗanda ƙurar hunturu da ganyaye kan toshe, da damina ta faɗi kuma sai ruwa ya taru cikin jikin motar. Wanda ba shi da rumfa ko gareji ya sa kuɗin gina ta a cikin farashin motar.

A nan ne bambancin MX-5 da takwarorinta na Jamus yake fitowa. Rufinta na yadi da hannu ɗaya ake naɗe shi, babu abin lalacewa sai sakata da robobi. Rufin SLK kuwa na ƙarfe ne mai aiki da famfo da matsin mai da na'urorin lantarki masu yawa, kuma idan ya tsaya a rabin hanya ba kowane bakanike ne zai iya shawo kansa ba. An kuma san Boxster na farko-farko da matsalar wani boris a cikin inji wanda idan ya fashe yakan tafi da injin gaba ɗaya. Araha ba ta ado: motar da aka saya sabuwa da tsada, gyaranta ba ya sauka don ta tsufa.

Injin MX-5 ba shi da rigima. Zubi biyu na farko suna amfani da bel na taimin da ake sauyawa bayan kimanin kilomita 96,000, daga zubi na uku kuma aka koma sarƙa. Matsalar ita ce kayan jiki. Fitila, gilashin gaba, bamba ko robar rufi abubuwa ne da mai Corolla zai samu cikin sa'a guda a Ladipo ta Ikko, ko Apo ta Abuja, ko Panteka ta Kaduna, ko Ƙofar Ruwa ta Kano, amma mai wannan mota sau da yawa sai ya yi oda da dala ya jira makonni.

Wajen shan mai ba ta da laifi. Bisa gwajin hukumomin Amurka, zubi na huɗu yana shan kimanin lita 8 a kilomita 100, yayin da Ford Mustang mai silinda takwas ke shan lita 12 zuwa 13. Wannan bambanci ya zama abin lura tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, inda lita ta tashi daga ƙasa da Naira 200 zuwa kusan 500 nan take, ta kuma haura Naira 1,000 a Abuja cikin Oktoba na 2024. Har ila yau, daga Janairu na 2023 hukumar kula da harkokin inshora ta mai da inshorar dole Naira 15,000 a shekara, ta kuma ce cikakkiyar inshora ba za ta gaza kashi 5 cikin ɗari na darajar mota ba. A motar Naira miliyan 26, wannan ya kama Naira miliyan 1.3 kowace shekara.

Sai kuma hanya. Tazarar da ke tsakanin cikin motar da ƙasa ba ta kai santimita 15 ba, don haka ramuka da tuddan rage gudu da ruwan da ke kwanciya a titunan Ikko da damina duk abokan gabarta ne. A cunkoson motoci buɗaɗɗen rufi gayyata ce ga masu fizgen waya, a wurin ajiya kuma wuƙa ta isa ta buɗe rufin yadi.

Ranar sayarwa

Wannan shi ne kason da masu saye suka fi mantawa da shi. Corolla ko Camry kusan kuɗi ce a hannu, domin masu nemanta suna da yawa, daga ma'aikaci har mai haya. Mota mai kujera biyu da but ɗin da bai wuce lita 130 zuwa 150 ba, ba ta ɗaukar iyali, ba ta ɗaukar kaya, ba ta shiga haya. Masu nemanta kaɗan ne, kuma wanda buƙatar kuɗi ta taso masa da gaggawa sai ya karya farashi. Gaskiya ne cewa a Amurka da Turai darajar S2000 da ta zubin farko na MX-5 ta tashi saboda masu tara tsofaffin motoci, amma wannan kasuwa a can take, kuma motar da aka adana da cikakken tarihin gyaranta take nema.

Saboda haka wanda wannan mota ta dace da shi shi ne mai wata motar ta zirga-zirga, mai wurin ajiya a inuwa, wanda ya riga ya samu bakaniken da ya san ta, kuma zai saya daga ribar da ya ware, ba daga uwar kuɗi ko rancen banki ba. Irin wannan mutum zai fi samun sauƙi idan ya zaɓi ta Japan mai rufin hannu, daga ƙarshen zubi na uku ko na huɗu, ya kuma ajiye wani kaso na kuɗin a gefe domin gyaran shekarar farko. A littafin ciniki kuwa, ya rubuta ta a shafin abin da aka kashe, kada ya sa ta a shafin kadara.