Bayar da Kwangilar Gyaran Masaukin Baƙi ga Kamfani Ɗaya

1.0 Gabatarwa

Kusan kowace babbar makaranta a Nijeriya tana da masaukin baƙi. A nan ake sauke masu jarrabawa na waje, da malaman da aka gayyato taron ƙara wa juna sani, da jami'an Hukumar Kula da Kwalejojin Ilimi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1989, idan sun zo tantance kwasa-kwasai. Baƙo kan fara auna makaranta da ɗakin da ya kwana a ciki, tun kafin ya ga aji ko laburare. Wannan babi zai yi bayani a kan hanyar damƙa gyaran irin wannan masauki kacokan ga kamfani ɗaya. Sanin haka ya zama dole ga ɗalibin malanta, domin malamin yau shi ne shugaban makarantar gobe, kuma shi za a zaunar a kwamitin da zai sa hannu a kan kuɗin jama'a.

2.0 Masauki da Gyaransa a Al'adar Bahaushe

Saukar baƙo tsohuwar al'ada ce a ƙasar Hausa, shi ya sa ake cewa baƙonka annabinka. Magidanci kan sauke baƙonsa a zaure ko a shigifa, nesa da cikin gida. Fatake kuwa suna yada zango ne a wajen fatoma, mutumin da ke ba su ɗaki da abinci, ya adana musu kaya, ya kuma haɗa su da masu saye. Kalmar fatoma aro ce daga Barebari. Haka wannan tsari ya bi Hausawa har zangunan Kurmi da Gwanja, inda masu gida suka riƙa sauke dillalan shanu da na goro.

Gyaran waɗannan ɗakuna aikin shekara-shekara ne. Kafin saukar damina akan yi yaɓe, a shafe soro da makuba, a gyara indararo, a sauya azarar da ta lalace. Mai gida yana iya ɗaukar 'yan ƙodago ya biya su ladan yini, ko ya kira gayya, ko ya yi jinga da magini. Jinga ita ce a yanke ladan aiki gaba ɗaya tun kafin a fara, ko ya ɗauki kwana uku ko ya ɗauki goma. Ke nan kwangilar zamani jinga ce da aka faɗaɗa, aka rubuta ta, aka kuma sa mata shaidu da doka.

3.0 Ma'anar Kwangilar Kacokan

Hanyoyi biyu ne fitattu wajen gyaran masauki. Ta farko ita ce mai masauki ya sayi kaya da kansa, ya nemo birkila da kafinta da mai aikin famfo da mai haɗa wuta da mai fenti, kowa ya yi ciniki da shi daban. Ta biyu ita ce ya ba kamfani ɗaya aikin duka: duba ginin, zana tsarin gyara, sayen kaya, kawo ma'aikata, sa gadaje da labule da na'urar sanyaya ɗaki, har zuwa ranar da za a miƙa masa makulli ya sauke baƙo a daren. Wannan ta biyun ita ake nufi da kwangilar kacokan.

Babban bambancin hanyoyin biyu yana wajen ɗaukar alhaki. A hanyar farko, idan silin ya jiƙe, kafinta zai ce laifin mai famfo ne, mai famfo ya ce laifin mai rufi ne, mai masauki ya rasa wanda zai kama. A hanya ta biyu mutum ɗaya ake tuhuma, wato kamfanin da ya sa hannu, ko da kuwa shi ma wasu ya ɗauko suka yi masa aikin.

4.0 Amfani da Illa

Amfanin wannan hanya na farko shi ne jeranta aiki. Gyaran gini yana da tsari wanda ba a tsallake shi. Rufi ake fara gyarawa, domin duk abin da aka yi a ƙarƙashin rufi mai yoyo asara ce. Daga nan sai a fasa bango a binne wayoyin lantarki da bututun ruwa, a gwada su, sannan a yi filasta, a shimfiɗa tayil, a ɗaura silin, a yi fenti, kayan ɗaki su zo a ƙarshe. Inda ma'aikata suke cin gashin kansu, sau da yawa mai fenti kan gama aikinsa, washegari mai wuta ya zo ya fasa bangon. Amfani na biyu shi ne taƙaita lokaci. Masaukin da ke karɓar kuɗin kwana, kowane dare da ɗaki ya yi a rufe kuɗi ne ya tafi. Na uku, mai masauki yana sanin jimillar abin da zai kashe tun da wuri.

Illolinta ma ba ɓoyayyu ba ne. Farashinta ya fi tsada a takarda, saboda kamfani yana ɗora ribarsa da kuɗin kula da aiki. Haka kuma, tun da an yanke kuɗi tun farko, duk abin da kamfani ya rage a ingancin kaya riba ce a gare shi. Nan ne ake samun siririyar waya a inda ya kamata a sa mai kauri, ko katakon da bai bushe ba, ko fenti shafa ɗaya a maimakon biyu. Yawancin wannan ha'inci yana binne a cikin bango, ba ya fitowa sai an gama biya. Bugu da ƙari, idan kamfanin ya durƙushe ko ya gudu, aikin ne gaba ɗaya zai tsaya.

5.0 Matakan Bayar da Kwangila

5.1 Tantance abin da ake bukata. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kafin a kira kowane kamfani, a zagaya ɗaki-ɗaki tare da ma'aikatan masaukin, a rubuta duk wata ɓaraka. A nan ne kuma ake faɗin bukatun da suka shafi al'ada da addinin baƙin da ake saukewa, kamar alamar alƙibla a ɗaki, da wurin alwala, da kauce wa fuskantar da masai ga alƙibla, da tagar da ba ta tona asirin ɗaki. Kamfanin da ba a gaya masa ba zai kawo tsarin da ya saba da shi ne kawai.

5.2 Jadawalin kaya da farashi. Masanin ƙididdigar gini shi ke fassara waccan bukata zuwa jadawali: buhun siminti nawa, tayil murabba'in mita nawa, waya mai wane kauri, katifa mai wane tsayi. Wannan takarda ita ce ƙashin bayan kwangila. Jimla irin "za a sa kaya masu inganci" ba ta ɗaure kowa, domin kowa da abin da yake kira inganci.

5.3 Zaɓen kamfani. A nemi farashi daga kamfanoni aƙalla uku a kan jadawali iri ɗaya. A duba rajistarsu da Hukumar Rajistar Kamfanoni, da takardar shaidar biyan haraji, da rajistar injiniyoyinsu a majalisar COREN. Abin da ya fi duk waɗannan shi ne a je a ga aikin da kamfanin ya gama shekara biyu ko uku da suka wuce, a tambayi masu wurin. Sabon fenti ba ya ba da shaida, sai wanda damina ta doka. Farashin da ya faɗi ƙasa ƙwarai da ƙiyasin masani abin tsoro ne, domin araha ba ta ado.

5.4 Bin doka. Idan masaukin na ma'aikatar Gwamnatin Tarayya ne, Dokar Sayen Kaya da Bayar da Kwangila ta 2007 ce ke aiki. Ita ta kafa hukumar da ke sa ido a kan kwangiloli, ta kuma sanya gasa a fili ta zama asalin hanyar zaɓen ɗan kwangila. Jihohi da yawa sun yi tasu dokar a kan wannan turba. Raba babban aiki zuwa ƙanana don a kauce wa talla laifi ne a ƙarƙashin dokar.

5.5 Tsarin biya. Ba a biyan kuɗi duka a gaba. Akan ba da kafin alƙalami bisa lamunin banki ko na kamfanin inshora, sauran kuma a biya kashi-kashi bayan an duba kowane mataki. A al'adar aikin gini akan riƙe kashi 5 cikin 100 har ƙarshen wa'adin gyaran aibu, wanda yakan kasance wata 6 zuwa shekara 1. Alal misali, a kwangilar naira miliyan 40 za a riƙe miliyan 2. Yana da kyau wa'adin ya ƙunshi damina guda, domin ruwan Agusta ne ke tona asirin rufi.

5.6 Sa ido. Ba da aiki kacokan ba ya sauke wa mai masauki nauyin dubawa. Ya wajaba ya sami nasa masanin, wanda ba kamfanin ke biyansa ba, ya ga waya da bututu kafin a rufe su. Duk canjin da aka yi a tsakiyar aiki a rubuta shi da farashinsa, ɓangarorin biyu su sa hannu. Rigingimun kwangila kan taso daga umarnin baka.

6.0 Kammalawa

An ga cewa kwangilar kacokan jinga ce ta zamani wadda ke tattara alhaki a wuyan kamfani ɗaya, ta jeranta aiki, ta kuma taƙaita lokaci. Nasararta ta rataya ne a kan abubuwa uku: rubutaccen jadawali, biya bayan dubawa, da mai sa ido mai zaman kansa. Inda aka rasa ɗayansu, makaranta kan wayi gari da masauki mai ƙyalli a waje, amma kafin shekara ta zagayo an koma kama wa baƙi ɗaki a otel.

Tambayoyi

1. Bambanta ƙodago da gayya da jinga, tare da nuna wanda ya fi kusa da kwangila.
2. Me ya sa ake fara gyaran rufi kafin fenti?
3. Fito da kalmomin aro guda 10 daga wannan babi, ka nuna yadda Hausa ta daidaita furucinsu.