Ɗaga Ƙarfe Da Sinadarin Girman Jiki

A Kujama, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Chikun, akan ga samari da yamma suna ɗaga gwangwanayen da aka cika da siminti domin ƙwanji ya murɗe. Lalle aikin yana taɓa jini. Wata 'yar halitta mai girman ƙwayar wake a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa takan saki sinadarin girma da yawa idan aka ɗaga nauyi, amma bayan awa ɗaya ko biyu sai ya sauka. A 2010 masana a Jami'ar McMaster ta Kanada suka nuna cewa wannan hauhawar ba ita ke ƙara kaurin damtse ba. Galibin sinadarin cikin barci mai nauyi yake fitowa, wanda samari masu raba dare suna hira ke tauye wa kansu.