Yadda Haske Yake Tona Asirin Ruwa

Ruwan pampo na Yamai daga kogin Isa yake fitowa. Ana tace shi a Gudel da Yantala kafin ya iso gidajenmu. To, yaya ma'aikata suke sanin abin da ke cikinsa? Ido kaɗai ba ya isa. Suna da wata na'ura, ma'aunin haske.

Ku zuba zoɓo a kofin gilashi, ku ɗaga shi a rana. Za ku ga ja. Dalili kuwa, hasken rana launuka ne da yawa a haɗe, kamar na bakan gizo. Zoɓo yana shanye kore, ya bar ja ya wuce. In zoɓon ya yi kauri, hasken da yake shanyewa ya ƙaru. In kofin ya fi faɗi, haka ma. Wani Bajamushe, August Beer, ya bayyana wannan ƙa'ida a 1852.

Haka na'urar take aiki. Fitila tana aika haske mai launi ɗaya ta cikin ƴar kwalba. A ɗaya gefen, ana auna wanda ya fito. Abin da ya ragu, shi ruwan ya sha.

Amma ruwa gauraye ne: ga gishiri, ga ƙarfe, ga laka. Kowanne yana shan nasa, na'ura kuma jimla take gani. Dabara biyu ake yi. Ta farko, a fara auna ruwa tsantsa, sannan a auna samfurin da launi biyu ko uku, a raba lissafi, tunda kowane abu da launin da ya fi sha. Ta biyu, a ɗiga magani mai kama abu guda kawai. Misali, akwai wanda in ya haɗu da kulor, wato maganin kashe ƙwayoyin cuta, sai ruwan ya yi ja-ja.

Wannan ba wasa ba ne. A Tibiri, kusa da Maraɗi, tun daga 1985 an yi shekaru ana shan ruwan rijiyar burtsatse mai yawan fuluwor. Ruwan garau yake, amma yara da yawa haƙoransu sun lalace, ƙafafunsu sun lanƙwashe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada fuluwor ya wuce miligiram 1,5 a lita ɗaya.

Saboda haka, in an haƙa sabuwar rijiya a garinku, ku nemi a kai ruwan a auna kafin yara su fara sha.