Me hoton ƙashin bayan kunne ke nuna wa likita?

Duk wanda ya ɗora yatsa a bayan kunnensa zai ji wani ɗan tudun ƙashi mai tauri, wanda likitoci ke kira mastoyid. A waje kamar dutse yake, amma cikinsa ƙananan ramuka ne cike da iska, tamkar saƙar zuma. Waɗannan ramuka suna da ƙofa da ta haɗa su da tsakiyar kunne, wato ɗan ɗakin da ke bayan dodon kunne. Ta wannan ƙofa ce ciwon kunnen da aka raina kan ratsa cikin ƙashi, har ya kai mutum ɗakin tiyata.

Yadda ciwon ke shiga ƙashi

Idan ƙwayoyin cuta suka kama tsakiyar kunne, mugunya kan taru a wurin. Galibi ciwon kan warke cikin 'yan kwanaki, da magani ko ma ba tare da shi ba. Sai dai wani lokaci mugunyar kan cika ramukan ƙashin, ta fara cinye siraran bangayen da ke tsakaninsu. An fi ganin haka a ƙananan yara, musamman 'yan ƙasa da shekara biyu.

Alamomin da ke nuna haka su ne zazzaɓi, da kumburi mai zafi a bayan kunne, da fatar wurin ta yi ja, sannan kunnen ya turo gaba ya fi ɗan'uwansa fitowa. Abin da ke tayar da hankalin likitoci shi ne maƙwabtan wannan ƙashi. A samansa da bayansa akwai ƙwaƙwalwa, a gefensa akwai babbar hanyar jini da ke kwaso jini daga kai, kuma jijiyar da ke motsa fuska ta cikinsa ta bi. Don haka idan aka yi sake, cutar na iya haddasa sanƙarau, ko ƙurji a ƙwaƙwalwa, ko shanyewar ɓarin fuska.

Daga hoton ƙashi zuwa na'urar CT

Tun a 1873 likitan Jamus Hermann Schwartze ya bayyana yadda ake buɗe wannan ƙashi a kwashe mugunya, amma a lokacin babu hanyar leƙa cikinsa kafin a sa wuƙa. A watan Nuwamban 1895 ne Wilhelm Röntgen ya gano hasken da ke ratsa jiki ya nuna ƙashi, a birnin Würzburg na Jamus.

Ɗaukar hoton bayan kunne bai zo da sauƙi ba, domin idan aka ɗauki kai daga gefe, ƙashin dama da na hagu sukan hau kan juna. Wani likita a birnin Viyana, Arthur Schüller, shi ya fito da dabarar karkata hasken zuwa ƙasa, domin ƙashin gefe guda ya fito shi kaɗai. Har yau da sunansa ake kiran wannan salon ɗauka. A irin wannan hoto, lafiyayyun ramuka kan fito baƙi saboda iskar da ke ciki, waɗanda suka cika da ruwa kuwa kan yi dishi-dishi kamar hazo. Akan ɗauki kunnuwan biyu domin a kwatanta.

Wannan hoto yana da iyaka. Ƙasusuwan ji guda uku da ke tsakiyar kunne ƙanana ne ƙwarai, mafi ƙanƙantarsu bai wuce milimita uku ba, kuma hoton ƙashi na gargajiya ba ya nuna su sosai. Ba ya kuma nuna ko cutar ta taɓa ƙwaƙwalwa. Shi ya sa tun bayan da aka fara gwada na'urar CT ta Godfrey Hounsfield a kan majinyaci a Landan a 1971, sannu a hankali ta karɓe wannan aiki. Ita ma da irin wannan haske take aiki, amma tana nuna ƙashin yanka-yanka, kowane yanka bai kai kaurin milimita ɗaya ba. Idan ana zargin cutar ta shiga cikin kai, akan ƙara da MRI, wadda ke amfani da maganaɗisu.

Ido da hannun likita ne a gaba

Ba kowane ciwon kunne ne ke buƙatar hoto ba. Likita kan fara da haska cikin kunne ya duba dodon kunnen, ya taɓa bayan kunnen, ya saurari yadda ciwon ya faro. Sau da yawa wannan ya wadatar a fara magani. Akan nemi hoto ne idan magani bai yi aiki ba, ko alamun haɗari sun bayyana, ko ana shirin tiyata.

Haka kuma, ganin ruwa a cikin ramukan ba ya nufin ƙashin ya kamu. Ko ciwon kunne na yau da kullum kan bar ruwa a wurin. Abin da likita ke nema shi ne ko bangayen ramukan sun rushe. Sannan hasken CT ya fi na hoton ƙashi yawa, don haka ba a yi wa yaro sai da dalili, mai juna biyu kuma ya kamata ta sanar da ma'aikata tun kafin a ɗauka.

A asibitocin da babu CT, har yanzu hoton ƙashi na iya nuna girman ramukan da inda ƙashi ya zaizaye sosai. Amma idan ya fito ba tare da nuna komai ba, hakan bai wanke kunnen daga cuta ba.

Kunnen da ya daɗe yana zubar da ruwa

Wani rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2004 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 65 zuwa miliyan 330 ne ke fama da kunne mai yawan zubar da mugunya, akasarinsu a ƙasashe masu tasowa. A cikin irin waɗannan akwai masu ɗauke da kolestiyatoma, wata tarin fata da ke girma a bayan dodon kunne tana cin ƙashi a hankali. Ba sankara ba ce, amma maganin ɗigawa ba ya kawar da ita, sai tiyata. Alamarta ita ce ruwa mai wari da raguwar ji, sau da yawa ba tare da zafi ba, abin da ke sa a shekara ana zaune da ita. A nan CT kan zame wa mai tiyata taswira kafin ya fara aiki.

Saboda haka, kumburi a bayan kunnen yaro mai zazzaɓi abu ne na zuwa asibiti a ranar, ba a jira wayewar gari ana ɗiga mai ko shafa magani. Idan an kai da wuri, allurar kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya, wani lokaci haɗe da 'yar ƙaramar huda a dodon kunne domin mugunya ta fita, kan wadatar ba tare da an taɓa ƙashin ba. Wanda kuma kunnensa ya yi makonni yana zubar da ruwa, sai ya nemi likitan kunne, hanci da maƙogwaro, shi ne zai yanke ko akwai buƙatar hoto da kuma irin wanda ya dace.