SARKI, BATURE DA MAGINIYA: YADDA AKA RAINI BASIRAR LADI KWALI A SULEJA

Duk wanda aka miƙa wa canjin naira ashirin a unguwar Magajiya ko a wata kasuwa ta Suleja, in ya juya bayan takardar zai ga wata mace ta duƙufa tana ginin tukunya. Wannan ita ce Ladi Kwali, kuma a wannan gari ne, tun ana kiransa Abuja, aka ɗaga ta har duniya ta san da ita.

An haife ta wajen 1925 a ƙauyen Kwali, cikin ƙabilar Gbagyi waɗanda Hausawa ke kira Gwari. A wurin wata daga cikin iyayenta mata ta koyi gini, watau a murza yumɓu kamar igiya, a yi ta ɗora shi da hannu har randa ta tashi. Mata da yawa sun iya wannan. Abin da ya bambanta labarinta shi ne Sarkin Abuja Alhaji Sulaimanu Barau, wanda ya hau gadon sarauta a 1944, ya ga aikinta ya gane darajarsa, har ya tara randunanta a gidansa. Sarakuna nawa ne za su ɗauki tukunyar ƙauye abin ajiyewa a fada?

A nan ne Michael Cardew, Baturen Ingila da gwamnati ta ɗauko a 1950 don kyautata sana'ar tukwane, ya fara ganin aikin hannunta. Shi kansa Cardew almajiri ne, gama a wurin mashahurin magini Bernard Leach ya koyi aiki. Da ya tashi kafa makarantar koyar da ginin tukwane sai ya zaɓi Abuja, saboda akwai yumɓu da itace da ruwa, ga kuma Sarki mai goyon baya. A 1954 Ladi ta shiga makarantar, ita ce mace ta farko a cikinta.

To, a nan hikimar take. Cardew ya koya mata gini a kan faifan da ake juyawa da ƙafa, da shafa ruwan ƙyalli, da gashi a tanderu mai zafin da ya wuce digiri 1,200. Amma bai ce ta watsar da abin da ta zo da shi daga gida ba. Ta ci gaba da gina randunanta da hannu, tana zana musu kunama da ƙadangare da kada da hawainiya da kifi, sa'an nan a gasa su da sabuwar dabara. Da ya nace sai ta zama kamarsa, da an sami ƙarin magini ɗaya mai kwaikwayon Turawa, an kuma yi asarar Ladi. Ko da yake, gaskiya, abin bai rasa tsadarsa ba: randa mai ƙyalli ta yi nauyi, ba ta kuma sanyaya ruwa kamar ta gargajiya, saboda haka ta tashi daga tsakar gida ta koma ɗakin nune-nune.

Bai kuma ɓoye ta a bayansa ba. An nuna aikinta a London a 1958 da 1959 da 1962, a 1972 kuwa suka zaga Amurka tare, tana gini a gaban jama'a. Ta sami lambar MBE a 1963, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa na dakta a 1977, alhali ba ta yi karatun boko ba. Ƙofar da ta buɗe ce mata irin su Halima Audu da Asibi Ido da Lami Toto suka bi suka shiga makarantar.

Cardew ya bar aiki a 1965, Michael O'Brien ya gaje shi. Sarki Sulaimanu, wanda daga sunansa aka samo Suleja bayan sabon babban birnin tarayya ya ɗauki sunan Abuja, ya rasu a 1979. Cardew ya bi shi a 1983, Ladi kuma ta rasu a Minna ran 12 ga Agusta 1984. An sa wa makarantar sunanta, amma bayan tafiyar waɗannan mutane uku sai ta yi ta ja da baya saboda rashin kulawa. Yumɓun da Cardew ya gani yana nan a ƙasar Suleja, kuma gwamnatin Jihar Neja ce ya kamata a tambaya wa zai koya wa 'yan matan Magajiya sarrafa shi.