Daga Burmi Zuwa Dumbulwa: Yadda 'Yan Ɗariƙa Suka Tsaya A Yaƙin Ƙarshe Da Turawa

Matafiyin da ya tashi daga Potiskum ya nufi Gombe zai ratsa ƙasar Fika, ya ƙetare kogin Gongola, ya iso yankin Bajoga. Galibin masu bin wannan hanya ba su san cewa suna wucewa ta gefen wurare biyu da suka hana Turawan mulkin mallaka barci ba: Dumbulwa a masarautar Fika, da Burmi a ƙasar Gombe. A Burmi aka yi gumurzun da ya rufe babin 'yancin Daular Usmaniyya ranar 27 ga Yuli, 1903. Waɗanda suka fi jajircewa a wannan rana kuwa jama'a ce da mubaya'a da zumuncin ɗariƙa suka ɗaure wuri guda, bayan rundunonin masarautu sun riga sun watse.

Kano ta faɗa hannun sojojin Ingila a watan Fabrairu na 1903, Sakkwato ta biyo baya ranar 15 ga Maris. Manyan daula suka rabu gida biyu. Waziri Buhari ya zaɓi zama domin kare talakawa da addininsu a ƙarƙashin sabon iko, Lugga kuma ya naɗa Attahiru na Biyu. Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya zaɓi hijira zuwa gabas. Dama akwai tsohuwar magana da ake jinginawa ga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo cewa jama'arsa za ta yi ƙaura zuwa wajen kogin Nilu a ƙarshen zamani. Saboda haka duk garin da ayarin ya ratsa, sai manoma da malamai da almajirai su bar gonaki da gidaje su bi shi. Wannan kwararar mutane ce ta firgita Turawa, domin mulki ba ya yiwuwa a ƙasar da masu biyan haraji suka fice.

Garin da ayarin ya nufa yana da nasa tarihin. Burmi cibiyar Mahadiyya ce da Malam Jibrilla Gaini ya ƙarfafa. Shi kuwa yana da alaƙa da Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mubaya'a ga Mahadin Sudan, mutumin da ya ci birnin Khartum a 1885. Mutanen Burmi sun shafe shekaru suna yaƙi da masarautar Gombe, har Sarkin Gombe Zailani ya rasa ransa a wannan rikici. Turawa sun kama Malam Jibrilla a 1902 suka kai shi Lokoja, amma jama'arsa ba ta watse ba, jagoranci ya koma hannun Malam Musa Dadare.

A nan ne abin mamaki ya auku. Garin da ya yi wa daula tawaye shi ne ya zama mafakar shugabanta. Zuriyar Shehu 'yan Ƙadiriyya ne, mutanen Burmi Ansaru ne na Mahadi. Ga kuma rukuni na uku, 'yan Tijjaniyya mabiya gidan Alhaji Umaru Futi, waɗanda Faransawa suka raba da Segu a 1890, suka yi ta tafiya har ƙasar Hausa, cikinsu har da Alfa Hashimu. Waɗannan mutane sun riga sun ɗanɗani mulkin Bature a yamma, ba su da niyyar sake ɗanɗanarsa. Rukunai uku masu saɓanin wuridi da fahimta suka taru a bayan ganuwa ɗaya. Tare da su akwai Sarkin Misau Ahmadu, da Etsu Nupe Abubakar, da Magajin Keffi Ɗan Yamusa wanda Turawa ke nema ruwa a jallo tun kisan Kyaftin Moloney a 1902.

Ranar 13 ga Mayu, 1903, rundunar Kyaftin Sword ta kai wa Burmi farmaki, aka kore ta da raunuka masu yawa. A Kano da Sakkwato an gama faɗa cikin sa'o'i kaɗan, amma ƙaramin gari ya mayar da masu bindiga mai ruwa baya da kibau da masu. Dalilin ba ya rasa nasaba da irin ɗaurin da ke tsakanin mayaƙan. Dakarun sarki kan watse idan sarki ya faɗi ko ya janye. Wanda ya yi mubaya'a ga shehinsa kuwa, yana sahu ɗaya da 'yan'uwan da yake zikiri da su, gudu a wurinsa warware alkawari ne a gaban Allah da gaban jama'a.

Turawa suka dawo da ƙarin soja da igwa ƙarƙashin Manjo Marsh. An wuni ana fafatawa ranar 27 ga Yuli. Kibiya mai dafi ta kashe Marsh, amma wutar bindiga ta rinjaya. Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada tare da ɗaruruwan mabiyansa, aka ƙone garin. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a har Sudan, inda garin Mai Wurno yake a bakin Shuɗin Nilu har yau. Alfa Hashimu ya isa Madina, ya zama madogarar alhazan Afirka ta Yamma 'yan Tijjaniyya.

Darasin da Turawa suka ɗauka daga Burmi shi ne ya dawo da labarin ƙasar Fika. Sun fahimci cewa sarki ana iya tuɓe shi a naɗa wani, amma jama'ar da ɗariƙa ta haɗa ba ta da rawanin da za a ƙwace. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, Malam Sa'idu ɗan Hayatu ya zauna a Dumbulwa, mabiya suka riƙa tururuwa zuwa wurinsa suna noma suna karatu. Bai ɗaga takobi ba, amma yawan jama'ar kaɗai ya ishi hukuma zargi. A 1923 aka kama shi, aka kai shi Buea a ƙasar Kamaru, daga baya aka tsare shi a Kano har gab da samun mulkin kai. A 1924 aka mayar da hedikwatar masarautar Fika zuwa Potiskum, garin da ke kan babbar hanya, inda idon Joji ya fi kaiwa ga sarki da talakawansa.

Bukukuwan 1 ga Oktoba sukan tuna da 'yan siyasar da suka karɓi mulki a teburin shawara a 1960, kuma sun cancanci haka. Sai dai shekara 57 kafin wannan rana, wasu mutane sun biya farashin 'yanci da jininsu a gaɓar Gongola, akasarinsu ba a san sunayensu ba. Kabarin Attahiru da na Marsh suna nan a yankin Burmi. Ma'aikatan da ke tsara manhajar tarihi da masu kula da wuraren tarihi na ƙasa suna da abin dubawa a tsakanin Potiskum da Bajoga, tun kafin dattawan da suka gaji labarin daga bakin kakanninsu su ƙare.