Kiyaye Salsalar Kalmomi a Tsarin Ilimi na Tarayya: Misali Daga Gene Ontology

1.0 Gabatarwa

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu bayyana yadda ake kiyaye salsalar kalmomi idan masana da yawa suka haɗu don gina tsarin ilimi guda. Abin da muke nufi da wannan tsari shi ne jerin keɓaɓɓun kalmomin wani fanni, tare da ma'anarsu da dangantakarsu, a shirye yadda kwamfuta za ta iya aiki da su.

2.0 Asalin Matsalar

An kafa Gene Ontology a 1998, bayan da masu kula da rumbunan bayanai uku, watau na yisti da na ɓera da na ƙudan 'ya'yan itace, suka lura cewa kowannensu yana bayyana aikin ƙwayoyin gado da kalmominsa. Sai suka amince da jeri ɗaya. Amma fa ilimi ba ya tsayawa wuri guda. Idan aka sauya ma'anar kalma a ɓoye, duk binciken da aka dogara da ita a baya zai ɓatar da mai karatu.

3.0 Hanyoyin Kiyayewa

Da farko, kowace kalma tana da lamba tata ta dindindin. Alal misali, GO:0006915 ita ce lambar mutuwar da ƙwayar halitta kan yi bisa tsarin jiki.

Na biyu, ba a share kalmar da aka yi watsi da ita, ba a kuma ba wata lambarta. Akan yi mata alamar ritaya, a faɗi dalili, a nuna madadinta in akwai.

Na uku, duk bayanin da aka jingina wa ƙwayar gado yana ɗauke da alamar hujja. IDA na nufin an tabbatar ta gwaji kai tsaye, IEA kuwa kwamfuta ce ta yi hasashe. Da haka mai nazari zai san nauyin da zai ba kowane.

A 2013 ƙungiyar W3C ta fito da ma'aunin PROV, wanda ya gina salsala bisa ginshiƙai uku: abin da aka samar, aikin da ya samar da shi, da wanda ya ɗauki alhakinsa.

4.0 Kammalawa

Wannan tunani ba baƙo ba ne gare mu, domin malaman hadisi sun daɗe suna auna matani da isnadinsa. Saboda haka muna ganin ya wajaba kwamitocin da ke ƙirƙiro keɓaɓɓun kalmomin Hausa su riƙa rubuta wanda ya kawo kowace kalma, da shekarar, da hujjarsa, don na baya su san abin da suka gada.